Tawada a Ƙaramin Yatsa

Shekarar da yanar ido ta rufe mini idanu biyu ita ce shekarar da mijin babbar 'yata ya fito takarar kansila a mazaɓarmu. Da ɗaya daga cikin biyun ne ya zo shi kaɗai, da na san yadda zan yi da shi.

Ba makanta ce ta gaba ɗaya ba. Ina bambance dare da rana, ina ganin mutum dishi-dishi in ya gifta, amma rubutu kam ya yi mini sallama. Likita a Kano ya duba ya ce yanar ta nuna, za a yi aiki, ya sa mana rana a makon da ke bin zaɓen ƙananan hukumomi. Wanda ya kai ni wurin likitan a motarsa, wanda kuma zai sake kai ni ranar aikin, shi ne surukin nawa.

Da shi da abokin takararsa duk sun bi ta hannuna a firamaren ƙauyenmu, nan gefen Kademi. Surukina tun yana aji huɗu bai iya cewa a'a ba. Duk wanda ya roƙe shi fensir zai miƙa masa, shi ya zauna yana kallon allo hannu wofi. Wannan hali ne mai kyau ga suruki, kuma na ci moriyarsa. Ɗayan kuwa mai taurin kai ne, ba ya barin magana ta wuce sai ya tambayi dalili, na sha tsula masa bulala a kan haka. To, kwalbatin hanyarmu ya daɗe da karyewa, duk damina sai an ɗauki mara lafiya a kafaɗa an ƙetare da shi. Na auna na ga wanda zai je sakatariya a Gaya ya zame musu ciwon kai har a gyara, ba surukina ba ne. Na yanke shawara a raina, ban gaya wa kowa ba. Ni ne fa na yi shekaru ina rubuta wa yara a allo cewa ƙuri'a sirri ce, har ina ja mata layi a ƙasa da alli.

Sai dai sirri yana bukatar ido. Na taɓa ji a rediyo cewa a wasu ƙasashe mutum na iya aika ƙuri'arsa ta gidan waya, ko ya je ya jefa tun kafin ranar, a natse, ba jama'a. Mu nan rana ɗaya ce, wuri ɗaya, ka zo da ƙafarka da babban yatsanka. Na aika aka tambayo mini a ofishin zaɓe abin da aka tanadar wa irina. Amsa ta dawo cewa wanda ba ya gani yana iya zuwa da mutum ɗaya da ya yarda da shi, ya shiga da shi ya taimaka masa. Aka ƙara da cewa wani lokaci akan kawo wani kati mai ɗige-ɗige da makafi ke karantawa da yatsa. Na ce a yi musu godiya, amma ni sabon shiga ne, ban kai wannan ajin ba.

Na yi tunanin in ƙi fita, in ce jiri nake ji. Amma a ƙauye kamar namu, rashin zuwan surukin ɗan takara ya fi kowace ƙuri'a bayyana. Ga shi mai ɗakina ta riga ta sa an wanke babbar rigata an buga ta. Ita ce ma ta fara cewa za ta shiga da ni. Na ce layin mata daban yake, kada in wahalar da ita. Matar da ta yi makonni tana dafa wa 'yan kamfen ɗin surukinta shinkafa, na san inda za ta kai yatsana ko da na yi mata bayani da harsuna uku.

Dabarar da na ɓullo da ita ta burge ni ni kaina. Ina da wani aboki, tsohon malami, mutumin Gafasa a ƙasar Ajingi. Ba mazaɓarmu ɗaya ba, babu ruwansa da kansilanmu, kuma bakinsa yana da murfi. Na kira shi a waya na gaya masa bukatata. Ya yi dariya ya ce zai jefa tasa da sassafe, ya hau babur ya zo. Abin da duk mu biyun muka manta, da iliminmu da furfurarmu, shi ne ranar zaɓe ana hana zirga-zirga. Ina zaune a benci a harabar makaranta, cikin rigar da aka buga, ya kira ya ce kayan zaɓe ma ba su iso wurinsu ba, kuma an tare hanya. Ya ba ni haƙuri, ya ce in nemi wani.

Ban gama mayar da wayar aljihu ba sai jami'in zaɓe ya yi shela cewa tsofaffi da masu juna biyu da masu bukata ta musamman su fara matsowa. A wannan rana na san cewa na cika sharaɗi biyu cikin uku. Aka kama ni aka kai gaban tebur, a barandar ajin da na fi daɗewa ina koyarwa. Wani daga cikin layi, wanda na gane muryarsa, tsohon ɗalibina ne da bai taɓa iya rubuta takwas a tsaye ba, ya ce, “Malam, yau kai za a riƙe wa hannu a yi rubutu ke nan.” Aka yi dariya, ni ma na yi.

Jami'in ya duba katina, ya tambayi wanda zai shiga da ni. Wakilin jam'iyyar surukina ya yi wuf ya ce shi ne, jami'in ya ce ba a yarda wakili ya shiga ba. Ina cikin lalubo sunan wani a raina sai na ji muryar mai ɗakina daga layin mata tana cewa ai ga 'yarsa nan, wa ya fi ta. Jama'a suka ce gaskiya ne. Jami'in ya tambaye ni ko na yarda da ita. A gaban mutanen gari, me uba zai ce?

'Yar fari ce. Ban taɓa kiran sunanta ba, maganarmu ba ta wuce gaisuwa, in akwai saƙo ta bakin uwarta yake bi. Rabon da in riƙe hannunta tun tana koyon tafiya, shi ma ba a gaban mutane ba. Ga ta yanzu, uwar 'ya'ya, matar ɗan takara, ta kama bakin hannun rigata tana ja na a hankali zuwa bayan kwalin da aka kewaye tebur da shi.

Takardar ciyaman ba ta ba mu wahala ba. Na faɗa, ta kai yatsana kan tawada, ta kai shi inda na ce. Sai ta shimfiɗa ta kansila. Ta karanta mini jam'iyyun daga sama zuwa ƙasa, da murya ƙasa-ƙasa, tana tsayawa bayan kowace kamar yadda ake koya wa yara a aji.

Ina jin hayaniyar layi a bayanmu. Na duba cikin raina na tarar shawarar da na yi watanni ina riƙe da ita ta narke. Abin da ke kan harshena shi ne in ce ta kai ni wurin na mijinta, in fita in huta. Ni da na ja wa sirrin ƙuri'a layi da alli, a bayan wannan bangon. Har na buɗe baki na ce, “To, ai kin san...”

Ba ta taɓa katse mini magana ba sai ranar. Ta ce, “Baba, kawo hannunka na hagu.”

Ta ɗora shi a kan takardar. Ta kama manuniyata ta ajiye a wani wuri, ta ce nan ne gefen gurbin jam'iyyar mai gidanta. Ta buɗa ƙaramin yatsana ta ajiye can ƙasa, ta ce nan kuma na ɗayan ne. Ba ta ambaci sauran jam'iyyun ba, ban kuma tambaye ta yadda aka yi ta san tsakanin waɗanne biyu nake ba. Ta shafa wa babban yatsana na dama tawada, ta ce in bi yatsan da nake so har ƙarshensa, in dangwala a gabansa kaɗan, in ninke takardar kafin in yi mata magana. Na ji motsin hijabinta ta juya baya.

Na bi ƙaramin yatsa, na dangwala. Na ninke takardar gida huɗu, na yi gyaran murya.

Ta juyo ta kai ni na jefa a akwati. Da za mu sauka daga baranda ta kama hannuna na hagu don ta nuna mini matakala, sai na ji ta tsaya cak. Ta ɗan kare ni da jikinta daga jama'a. Na ji ta naɗe ƙaramin yatsana da bakin hijabinta tana murzawa da ƙarfi, tun daga gaɓa har farce. A nan na gane: garin bin yatsan na shafe shi da tawada. Duk wahalar da ta sha don kada ta sani, ni da hannuna na rubuta mata amsar. Ta ce kawai in yi a hankali, matakalar ta zaizaye.

Da yamma na ji uwarta a tsakar gida tana yi mata faɗa, wai ta ɓata sabon hijabi da tawadar da ba ta fita a wanki. Ta ce a jikin tebur ta goga.

Surukina ya ci zaɓen. Ya zo ya durƙusa a zaure ya yi godiya, ya ce an gaya masa Baba ne farkon wanda ya dangwala a rumfarmu, kuma ya ɗauki hakan a matsayin albarka. Na ce Allah ya taya shi riƙo. Na so ƙasa ta tsage a lokacin, amma daɓen zauren nawa siminti ne, shi ma surukin ne ya sa aka yi.

Ranar aiki ya kai ni Kano, 'yar tawa tana kujerar baya riƙe da kwanon abinci. Duk tsawon hanya yana ba ni labarin abin da zai yi wa mazaɓa, ina cewa madalla. Washegari aka cire mini bandeji. Haske ya doke ni, na sunkuyar da kai, idona ya sauka a kan bakin wani hijabi ruwan toka, da ɗan tabo shuɗi-shuɗi wanda wanki ya kasa. Tana tsaye a gefen gado, mijinta yana kusa da ita yana murmushi, yana jiran ya ji.

Ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni me nake gani. Na ɗaga kai na ce ina ganin taga.