Ranar da Kawu Ya Tsare Ƙofar Ajinmu

Har abada ranar nan ba za ta fita raina ba. Ina shekara ta biyu a jami'a a Lyon ta ƙasar Faransa aka ce kowa ya kawo tarihin kalma guda, ya yi bayani gaban aji. Ni kuwa karatu ba ya ba ni wuya, magana gaban mutane ce mutuwata. Na riga na faɗi irin wannan jarrabawa sau ɗaya, in na sake, sai maimaita shekara.

Na zaɓi "commissionaire", sunan da Turawan Ingila ke kiran mai tsaron ƙofa mai kayan sarki. Na gano daga Faransanci suka aro ta, inda take nufin wanda ake ba saƙo ya kai. A Ingila tsofaffin sojoji aka fara ɗinka wa kaya ana aikensu, don an amince da su, daga baya aka tsayar da su ƙofofin otal da silima.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata da ke Montreuil, aikinsa ke nan a wani otal a Paris. Na roƙe shi hoton rigar aikinsa. Ya ce to.

Ran bayanin, sai ga shi da kansa bakin ajinmu, cikin doguwar riga mai maɓallan zinariya, da ƙunshin kilishin da Inna ta aiko daga Damagaram. Ya ce saƙon 'yar'uwarsa hannu da hannu yake kai shi, maimakon hoton kuma gara a ga mai rigar.

Na tsaya gaban allo, na ƙura wa takarduna ido ina ta inda-inda. Shi ko Kawu, hali ya motsa. Duk ɗalibin da ya makara sai ya buɗe masa ƙofa, ya ɗan rusuna. Aji ya ɗauki dariya, har malama. Ta tambaye ni me ya haɗa ɗan aike da mai tsaron ƙofa.

Kawu ya dube ni, ya ce da Hausa, "Ɗiyata, ajiye takardun nan. Gaya musu abin da kike gani."

Na ajiye. Na nuna kilishin, na nuna ƙofar, na ce duka amana ce ake damƙa wa mutum. Daga nan bakina ya buɗe, sai da malama ta nuna mini agogo. Na ci jarrabawar, 'yan aji kuma suka cinye kilishin.

Tun ranar na gane abin da na sani a gida ma ilimi ne, kuma shi ne ba ya maƙale mini a wuya.