Gurbin Sunan Ɗan Fari

A shekarun da arzikin man fetur ya sake bunƙasa a ƙasa, har masinjan ƙaramar hukuma ya sayi babur, na dawo Ƙanƙara da takardar shaidar koyon kwamfuta da girman kan da ƙofar zaurenmu ta yi masa kaɗan. Inna, mahaifiyata, ta sayar da bijimin da ta daɗe tana kiwo ta saya mini kwamfutar tafi-da-gidanka. Ba ta taɓa yi mini gori ba, amma na san in ban samu aiki da ita ba, bijimin ya tafi a banza.

Wani ɗan asibiti a wajen Ruwan Godiya, inda ake awon jarirai da rigakafi, shi ya neme ni. Shugaban wurin ya ce in yi musu manhajar da za ta riƙe bayanan yara, in ta yi aiki ranar awo sun ɗauke ni. Can babu intanet, wuta kuwa sai janareta ya ga dama. Don haka na dasa ɗan ƙaramin rumbun bayanai a cikin manhajar kanta, fayil guda, ba ruwansa da wata babbar na'ura a wani gari. Na yi jadawali biyu, na iyaye mata da na 'ya'ya, lamba ce ke haɗa kowace uwa da ɗanta. Sannan na kafa doka ina ta jin kaina: in ba a cike gurbin sunan yaro ba, rumbun ba zai karɓa ba.

Ranar awo na ci kwalliya, har da laƙataye a wuya a zafin bazara. Aiki na tafiya sumul, sai ga wata matashiya da goyo.

"Sunan yaron?" na tambaye ta.

Ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Na maimaita da ƙarfi, wai ko ba ta ji. Wata dattijuwa a bayanta ta ce, "Malam, na hwari ne. Ba ta hwaɗin sunanshi."

Ita ba ta faɗa ba, rumbuna bai karɓa ba, ni kuma ina tsakiya ina zufa. Duk mai ɗan fari da ta zo, nan ake cijewa. Layi ya kai bakin titi, jarirai suka haɗa baki. Ma'aikaciyar jinya ta jawo tsofaffin katunanta ba tare da ta dube ni ba. Shugaban ya ce ya ba ni zuwa awo na gaba, daga nan kuma babu.

Na iske Inna tana tankaɗe, na zauna na sauke mata haushina. Na ce ƙauyanci ne, yaya uwa za ta kasa faɗin sunan ɗan da ta haifa? Ta bar ni na gama kaf.

"Kai da ka yi boko," ta ce, "halan ka taɓa jin naka a bakina?"

Ni ne ɗanta na fari. Tun tasowata "kai" nake, ko "yaron nan", kuma ban taɓa lura ba. Kunya ta rufe ni, na kuma ji ina son yin kuka.

Gyaran bai ɗauki ko lokacin daka yaji ba. Na cire dokar, lamba ta isa ta riƙe yaro, suna kuwa kaka ko goggo ta kawo daga baya. Da Inna na gwada. Na shigar da ita, na buɗe layin ɗanta na fari, na bar gurbin haka nan.

"Ya amsa?" ta tambaya.

"Ya amsa, Inna."

"To, abin nan ya hi ka hankali."

A awo na gaba suka ɗauke ni. Yanzu shekaru sun shuɗe, Inna ta rasu, kwamfutar ma ta mutu, amma fayil ɗin gwajin yana wurina. Nakan buɗe shi in ga layinta da nawa, lamba ɗaya ta haɗa mu, kuma har yau ban cike gurbin ba.