Dattijo a Motar 'Yan Gayu

Ina zaune a garejin maƙwabcina Ɗalha, nan Gumel, sai ga wani dattijo mai farin gemu a motar 'yan gayu. An sauke ta ƙasa, an sa mata manyan tayoyi. Da ya murɗa sitiyari sai ƙiiit, taya na gugar ƙarfen da ke samanta.

Ni kuwa bakina ba ya hutawa. Na ce, "Baba, zance za a je Maigatari?" Kowa ya yi dariya, ban da shi.

Ya tsuguna yana shafa inda ƙarfen ya fara cin tayar, a hankali, kamar mai duba ƙafar saniya. Ɗalha ya ce, "Baba, a mayar mata da ƙananan tayoyi kawai, a huta."

"A'a, ɗana. Lanƙwasa bakin ƙarfen dai. Haka Sha'aibu ya bar ta, Allah ya jiƙansa."

Ban tambayi wane ne Sha'aibu ba. Yadda sunan ya fito daga bakinsa, ɗansa ne.

Na tashi na miƙa wa dattijon bencina. Ko kallona bai yi ba, ya ce, "Zauna abinka, malam."