Gwangwani Ɗaya a Kowace Jarka

Mu duka na Allah ne, kuma komawarmu gare shi take. Ranar Laraba, tara ga watan Yuli, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayana wanda unguwa ta sani da Baban Inji, yana da shekara saba'in da ɗaya. Ya cika a ɗakinsa bayan jinyar kwana shida, ciwon da likita ya kasa sa wa suna. Ni ce ƙanwarsa, autar ɗakinmu, kuma hannunsa na cikin nawa lokacin da ya yi sanyi. An ja mini kunne cewa ba a fama miki a wurin makoki. Na ji, amma akwai maganar da aka hana shi ji yana raye, kuma sai na faɗa masa ita.

Yaya, shekara talatin da takwas ka yi kana tayar da injin niƙan nan, tsohon injin gas mai tukunya ɗaya wanda sai an murɗa masa hannu yake tashi. Lokacin da mijina ya rasu ya bar ni da yara huɗu, ba ka tsaya yi mini dogon jaje ba. Benci ka ajiye a ƙofar injin, ka ce daga yau ni ce mai karɓar kwanukan mata in jera su bi da bi. Da wannan benci na aurar da 'ya'yana uku. Mai goyo ba ta bin layi a wurinka, mai tsohon ciki kuwa har gida ake kai mata garinta. Amma ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba: bakinka ba shi da daɗi, kuma ba ka iya bayani ba. In aka tambaye ka dalilin abu, sai ka ce wanda ya sani ya sani.

Shekara tara ke nan da man gas ya canja. Ya zo fari tas, warinsa ya ragu, hayaƙinsa ma haka, kowa na yabawa. Kai kuwa ka tsoma yatsu biyu a jarka, ka murza, ka ɗaure fuska, ka ce man nan ya bushe. Muka yi dariya, don ba mu taɓa jin mai ya bushe ba. Tun daga ranar, kowace jarka sai ka zuba mata man injin babur mai hayaƙi, cikin ƙaramin gwangwanin tumatir sau ɗaya, ka girgiza, sannan ka juye a tanki. Ba ka taɓa ƙarawa ba, ba ka taɓa ragewa ba, injin kuwa ya ci gaba da aikinsa.

Sai babban ɗanka ya dawo daga karatu. Babur ɗinka ka sayar ya tafi makaranta, kuma kai ka fara kiransa Injiniya tun bai karɓi takardar ba. Da idonka ya fara rauni, da hannunka ka miƙa masa makullin injin a gaban ma'aikata, bakinka har kunne. Mako bai cika ba ya same ka da gwangwaninka. Ya ce gurɓata mai kake yi, man zamani an tace shi ba ya bukatar taimakon kowa, karen bana shi ke maganin zomon bana. Ka ce masa ya murza ya ji. Ya ce shi ba da yatsa ya yi karatu ba.

Da faɗa ya yi da kai, da abin ya zo da sauƙi. Sai ya laɓe ya ɗauki hotonka a waya kana zubawa, ya aika wa dangi na kusa da na nesa, ya rubuta a ƙasa cewa a taya su da addu'a, Baba ya fara ruɗewa. Ashe tausayi ya fi zagi ciwo. Mutanen da ke zuwa neman shawararka suka koma yi maka magana da ƙarfi, a hankali, suna tambayarka ko ka san yau wace rana ce. Kullum kana ba su amsa daidai, su kuma su kalli juna su ce yau da sauƙi.

Aka hana ka shiga ɗakin injin. Aka ajiye maka kujera a waje, jikin bango, inda kake jin komai ba ka iya taɓa komai. Wata safiya ka cika kwalbar maganin tari da man babur, ka sa a aljihu, kana jiran a yi sakaci da ƙofa. Injiniya ya tare ka, ya lalube aljihunka a gaban matan da ke layi, ya ɗaga kwalbar sama ya ce su gani da idonsu, wata rana sai ya sha ta. Ina zaune a bencina, taku uku tsakaninmu. Tsoron rasa bencin ya kama mini baki, kuma da wannan kunyar zan shiga kabari.

Wata bakwai ana ba injin man a bushe. Ya fara wuyar tashi, ƙarfinsa ya ragu, ran nan ya tsaya da hatsi a bakinsa. Injiniya ya kwance famfon mai ya kai wa mai gyara a can ƙarshen gari, ya dawo ya ce tsufa ne kawai, ba a samun kayansa. Ya kira masu sayen tsohon ƙarfe, suka farfasa injin da guduma kana zaune a kujerarka, aka ɗaura na lantarki a gurbinsa. Da la'asar ɗin ranar ka kira ni, ka ce:

"Auta, ke ba ki taɓa ɓoye mini gaskiya ba. Ko dai da gaske kaina ya taɓu?"

Na rantse maka cewa lafiyarka lau. Ka gyaɗa kai irin na wanda ya san lallashinsa ake yi. Daga ranar ba ka sake fitowa ƙofar gida ba, ko kuɗin cefane aka ce ka ƙirga sai ka ce a ba mai hankali.

Ranar kwana ukunka mai gyaran famfo ya zo gaisuwa. Da ya ji ni ce ƙanwarka, ya ce a kira ni soro. Bai san yana tona komai ba. Ya ce a cikin famfon nan ƙarfe ne ke gugar ƙarfe, kuma ba abin da ke ba su santsi sai shi man da suke turawa. Da aka riƙa wanke sinadarin farar wuta daga man gas, santsin ya bi ta. An shirya sabbin injuna don irin wannan mai, tsofaffi kuwa sai an taimake su, har ma yanzu akwai maganin da ake sayarwa a kwalba don haka. Ya ce da ya buɗe famfonka ya ga cikinsa ya kankare, da ma ya san ka da gwangwaninka, sai ya tambayi Injiniya wa ya hana tsoho zuba mansa, ya kuma gaya masa ido da ido cewa gwangwanin nan ne ya raya injin shekara da shekaru. Na tambaye shi yaushe aka yi haka. Muka ƙirga tare, kwana arba'in ne kafin rasuwarka.

Kwana arba'in, Yaya, Injiniya yana shigowa gaishe ka safe da yamma, yana kallonka kana shakkar hankalinka, maganin yana bakinsa. Na same shi a cikin 'yan makoki na ja shi gefe. Bai musa ba.

"Gwaggo, da na faɗa, da wane ido ma'aikata za su kalle ni?"

Don haka ni nake faɗa, a rubuce, yadda duk wanda hoton nan ya shiga wayarsa zai karanta. Yaya, ba ka ruɗe ba. Yatsunka sun yi gaskiya, mu ne muka ci amanarka.

Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka kaifin harshenka, ya sa wulaƙancin da ka sha a ƙarshen rayuwa ya zama kaffara, ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da ta yi shekara arba'in da huɗu tana wanke rigunanka masu baƙin mai, da 'ya'yanka mata, da jikokinka, da matan unguwa. Allah ya ba mu haƙuri, ni kuma ya yafe mini shiruna.

Kai kuma Injiniya, ɗan yayana, ba zan yi maka baki ba, addu'a zan yi maka. Allah ya ja kwananka, ya bar maka hankalinka cif har ranar ƙarshe, ya kuma ba ka ɗa mai ilimi irin naka.