Miyar Kuka a Layin Sitiyari

Har yau ban manta da ranar da ɗaliban ƙasarmu suka ɗauki jirgin ruwanmu don walimar kammala karatu ba. Lokacin ina shekara ta biyu a matsayin mai kula da wutar lantarki. Jirgin yana aiki da abu biyu: batir da injin dizal. A tsakiyar Alƙahira da batir muke tafiya, saboda hayaƙi da ƙara. In cajin batir ya sauka zuwa kwata, a tayar da inji.

Ga tsarin aikin ga wanda bai sani ba. Idan wuta ta yi ƙasa, akan kashe kaya bi da bi: na farko kiɗa da fitilun ado, na biyu firij, na uku esi. Layin sitiyari ba a taɓa shi. Soket ɗaya ne a kansa, ja, a bayan kujerar Rayyis, wato shugaban jirgi.

Bayan la'asar muna dosar gada, batir ya sauka kwata tun kafin lokacinsa. Na tayar da inji, ya yi tari ya mutu. Na kashe kiɗa. Na kashe firij. Na kashe esi, ɗalibai suka koma fifita da huluna. Allurar mita ba ta daina sauka ba.

Na hau wurin Rayyis Abdu na ce, "Ya Rayyis, akwai abin da ke shan wuta, kuma ba ya cikin takardata ta lissafin kayan wuta."

"Komai tamam, ya muhandis," in ji shi, wato komai lafiya, injiniya, bai dube ni ba. Amma na ga sitiyari ya yi masa nauyi, ruwa kuma na tura mu wajen ginshiƙin gada, da mutane cike a jirgi. Sai hancina ya jiyo daddawa.

A bayan kujera na tarar da Malam Sani, shugaban ɗaliban, tsugune gaban rishon lantarki guda biyu, yana kaɗa miyar kuka.

"Malam, wa ya ba ka wannan soket ɗin?"

"Rayyis. Na ƙasa fis suke ƙonawa, wannan ne mai ƙarfi. Haba ɗan'uwa, minti biyar. A ina ka taɓa ganin an ci kuka da sanyi?"

Na zare wayar. Sitiyari ya saki, Rayyis ya karkata, muka wuce ginshiƙin kusa ƙwarai, har wani ɗalibi ya shafa shi da hannu yana salati.

Da muka tsaya, Rayyis ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri. Sun yi mini alkawarin tuwo malmala biyu."

Washegari na sa wa soket ɗin murfi da kwaɗo. Ku da kuka shigo aikin bana, ku riƙe wannan: takarda ta san kayan jirgi, amma ba ta san kayan baƙi ba. Kafin a kwance igiya ku zagaya, duk jakar da waya ta leƙo ku buɗe, ko ta malami ce. Miyar kuwa da sanyi aka ci ta, Rayyis har ya nemi ƙari.