Gwiwar Hannun Ɗan Fari

A shekarar da aka rufe makarantu saboda annobar korona, yara suka cika unguwa babu abin yi, ɗana na fari ya faɗo daga mangwaron bayan gidanmu a Zuru, ya karye dab da gwiwar hannun dama. Shekararsa bakwai lokacin. Aka kai shi wajen mai ɗori a Mahuta, aka ɗaure da karare. Cikin ikon Allah ƙashi ya haɗu, amma da aka kwance sai gwiwar ta ƙage a tsakiya, ba ta miƙewa, ba ta kuma lanƙwasowa har baki. Yaro ya koma cin tuwo da hagu. In baƙi sun zo, sai kakarsa, mahaifiyata, ta ja shi ɗaki da kwanonsa.

A asibiti likita ya duba hoton ƙashi ya ce ba a kai ga aiki ba tukuna, a fara gwada gashi, in bai yi ba a sake shawara. Ya tura mu wajen wata ma'aikaciya mai gashin ƙashi. Ta nuna mana: a ɗora tsumma mai ɗumi, a riƙe damtse, a ja hannun sannu a hankali har inda yaro ya fara jin ɗaurewa, a tsaya a nan a riƙe, sannan a lanƙwaso shi haka nan. Safe da yamma. Ta ba mu wani abin roba da za a ɗaura masa in zai kwanta.

"Malam, kai za ka riƙa yi masa," in ji ta.

Na ce to, alhali na san ba zan yi ba. A gidanmu ana kunyar ɗan fari. Tun da aka yanka masa rago ban ɗauke shi a gaban mutane ba, sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, "kai yaro" nake ce masa. Uwarsa ta fi ni ma. Kakarsa kuwa hannunta rawa yake. Sai na ɗora wa ƙanena, mai kabu-kabu a hanyar Ribah.

Shi ƙanena da ƙarfi ya san aiki. Yakan danne yaron da gwiwa ya fizgi hannun kamar mai tayar da babur. Ina zaure ina jin ihun, ina jan carbi, ina ce wa kaina magani sai da ɗaci. Da muka koma asibiti, gwiwar ta kumbura, ta fi da ƙagewa.

Ma'aikaciyar ta dube ni. "Wa ke yi masa?"

"Baffansa."

"Kai hannunka ne ya karye?"

Na ce ɗan fari ne. Ta ce, "Malam, gwiwa ba ta san wannan ba. In ta daɗe haka, sai wuƙa, wuƙar ma ba tabbas." A gaban mata masu jiran layi ta faɗa. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Washegari bayan sallar asuba na kira shi ɗakina na saki labule. Da na kama damtsen sai na ji ƙanƙantarsa, kamar karan dawa. Shi kuwa yana jiran fizga. Ba mu da agogo a ɗakin, sai na ce ya karanta gajeriyar sura, in ya kai ƙarshe in saki. Haka muka riƙa auna riƙon.

Ƙanena ya samu abin tsokana. "Yaya an zama ungozoma," yake cewa, "saura goyo." Na ci gaba da abina.

Wata rana da abin ya yi masa zafi, yaron ya tsaya tsakiyar sura ya ce, "Baba, in na daure har hannun ya kai baki, za ka kira ni da sunana?"

Na ce in Allah ya yarda, don dai ya ci gaba.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Hannun bai miƙe sarai ba, har yau da ɗan saura, amma likita ya ce a bar zancen aiki. Ran nan muna tsakar gida, kowa na nan, ya gutsuri tuwo da dama, ya kai baki, miya na bin gwiwar. Kakarsa ta yi guɗa. Shi kuwa ni yake kallo.

"Baba, ina bin ka bashi."

Na dubi mahaifiyata, ta kawar da kai. Uwarsa ta rufe fuska da zane. Na yi gyaran murya, na faɗi sunan a hankali.

"Ban ji ba," in ji shi.

Na sake faɗa da ƙarfi. Ya ce, "Na'am."