Kunjali Mai Sakin Kifi

Kunjali mijin yayata Subaida ne. Shekara talatin yana gyaran keke a wata rumfa gab da gadar Chettuva, amma ba da keke aka san shi ba. Idan an idar da isha'i, ruwan teku ya fara turowa cikin kogi, sai ya ɗauki sandar fatsarsa ya gangara ƙarƙashin gada. Ba ya sa tsutsa a ƙugiya. Ɗan kifi yake sassaƙawa da icen mangwaro, ya shafe shi da fentin keke, ya danne ƙayar ƙugiyar da filaya don ta fita daga bakin kifi ba tare da ta yaga shi ba. Wani kifi da muke kira kalanji yake kamawa, matsakaita biyu ko uku yake kaiwa gida. Duk kalanjin da ya wuce tsawon hannu ruwa yake mayar da shi, wai manyan duk mata ne, su ke ɗauke da ƙwai.

A teburin mai shayi an mai da shi abin zolaya. "Kunjali, jiya kifin bai ce a gaishe mu ba?" Da ni ake dariyar. Ni ne ma na sa masa suna Mai Gadin Kifi.

Shekarar da na dawo daga aiki a Maskat na nace sai na bi shi. Mun fi awa biyu yana jefawa yana janyowa, sauro na cin mu. Can sai sandar ta lanƙwashe. Ya daɗe yana lallaɓa zaren kafin ya kawo kifin bakin duwatsu, wata ƙatuwar mace. Ban taɓa ganin kalanji irinta ba, ta kai min ƙugu. Ya jiƙa hannunsa, ya zare ƙugiyar tana cikin ruwa.

Na ce, "Ikka," haka muke kiran babban yaya, "don Allah hoto ɗaya."

Ya ce, "Naushad, tallafe ta ta ciki, kada ka taɓa kunnenta, ta nan take numfashi. Ka riƙe numfashinka. Da ka gaji, ita ma ta gaji, ka mayar da ita."

Na ba shi wayata, na ɗaga ta. Santsi gare ta, sai na cusa yatsu cikin kunnen. Hoton farko ya yi duhu, na ce a sake. Na biyu na rufe ido. A na uku ta fizge ta faɗi kan dutse, na sake ɗagowa. Yana cewa ya isa, ina cewa saura ɗaya. Da na miƙa masa ita, jininta na bin hannuna.

Ya naɗe zanensa ya shiga ruwa har ƙirji, ya tallafe ta yana fuskantar da kanta inda ruwa ke tahowa. Ya kusa rabin awa a haka. Sau uku yana saki tana kifewa, cikinta fari a sama. Daga nan ya fito da ita a kafaɗa, muka tafi gida.

Da safe Subaida ta feɗe ta, ƙwan ya cika kwano. Ta dubi mijinta, ta dube ni, ta ci gaba da yanka. Ta dafa da tsamiya da kwakwa, aka raba wa gida bakwai. Kunjali rogo kawai ya ci da barkono.

Ni kuwa tun a hanya na riga na tura wa abokai hoton. Da yamma teburin shayi ya ɗauka. Hamsa direba ya ce, "Ashe mai gadi ma yana taɓa kayan! In da idon mutane a saki, in babu a kai tukunya."

Kunjali ya ce, "Mutuwa ta yi. Ba a zubar da abinci." Ina zaune kusa da shi da kofi a hannu, na ci gaba da shan shayina, na bar laifin a kansa.

Wata biyu ana yi masa wannan gorin. Ran nan na same shi a rumfa na ce, "Ikka, zan faɗa musu ni ne."

Ya ce, "In zai sa ka yi barci, faɗa. Riƙe min tayar nan."

Na faɗa ranar Juma'a. Suka yi min dariya ta yini ɗaya suka manta, shi kuwa har yau wasu na kiransa maci amanar kifi.

Yanzu ya haura saba'in, gwiwa ta hana shi sauka kan duwatsu. Kujera yake kaiwa bakin ruwa ya yi jifansa daga zaune. Yana zuwa gidana cin abinci, ina zuwa nasa, muna hira kamar da. Bai sake cewa in raka shi kogi ba, ni ma ban sake tambaya ba.